Ƙarin Falle da Ɗaga Mota: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sifirin Motocin Shiga Daji

Duk wanda ya riƙe motar shiga daji, Hilux ce ko Land Cruiser ko tsohuwar Land Rover, wata rana sai an ba shi shawarar ya taɓa sifirin. Wani ya ce a ƙara falle, wani ya ce a bubbuge shi ya dawo da doronsa, wani ya ce a sa dogon shakul mota ta tashi. Na yi shekaru ina jigilar hatsi da kayan masarufi tsakanin kasuwannin ƙauye. Na bi wasu shawarwarin na ji daɗi, na bi wasu na yi asara. Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan'uwa direbobi da masu motoci suka fi yi mini. Sifirin da nake nufi shi ne mai fallaye, wanda mutanenmu na Nijar ke kira lam, ba koyil mai naɗi ba.

Malam, ban da ɗaukar nauyi, wane aiki sifirin mai falle yake yi?

Aiki uku yake yi a lokaci guda, kuma rashin sanin haka shi ne tushen yawancin ɓarnar da ake yi. Yana ɗaukar nauyi, wannan kowa ya sani. Yana kuma riƙe aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, a mazauninsa, kada ya zame gaba ko baya ko gefe. Na uku, idan ka taka totur ko birki, aksul yana son ya murɗa, sifirin ne ke hana shi. Koyil aiki na farko kawai yake yi, sauran sai an sa masa ƙarafa na daban. Shi ya sa idan ka taɓa sifirin mai falle, ka taɓa zaman aksul, ka taɓa birki, ka taɓa furofela, sandar da ke kai jan inji zuwa aksul, ko da ba ka yi niyya ba.

Leƙa ƙarƙashin motarka ka gani. Falle na sama mai ido biyu shi ne uwa. Ido ɗaya yana ɗaure a hanga, maƙalin da ke jikin shasi, ba ya motsi. Ɗayan yana rataye a shakul, wanda ke lilo domin sifirin yana ƙara tsawo idan ya kwanta. Santabol ya ratsa fallayen ta tsakiya ya haɗe su, yubol kuma ya ɗaure su da aksul.

Tsohon yayi ne ko? Na ga sababbin motoci duk koyil ne.

Tsoho ne ƙwarai. Tun 1804 wani maƙerin keken doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar irin wannan sifirin, tun kafin a san mota. Kamfanoni kuma sun yi ta barinsa sannu a hankali: Range Rover ta fito da koyil a 1970, Land Rover mai lamba 110 ta bi a 1983, Land Cruiser 80 a 1990, Jeep Wrangler a samfurin 1997. Ita Land Cruiser 70, wadda ta fito a 1984 da falle gaba da baya, a 1999 aka mayar da gabanta koyil, amma aka bar mata falle a baya, aka ma ƙara masa tsawo. Hilux ma har yau falle ne a bayanta, kamar yadda a-kori-kurar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna take.

Dalilin barinsa a baya shi ne kaya. Falle yana raba nauyi wuri biyu a jikin shasi, ba shi da tarkace da yawa, kuma ko ya karye a tsakiyar saharar Tenere ana iya ɗaure shi a lallaɓa a kai gari.

Idan na ƙara falle biyu, motata za ta ƙara ɗaukar kaya?

A'a. Wannan ita ce tambayar da na fi so a ji amsarta da kyau. Ƙarin falle yana hana mota durƙusawa, amma ba ya ƙara mata ƙarfin ɗauka. Idan ka ƙara wa jaki kaurin akumari, mangala za ta zauna daidai a bayansa, amma ƙafafunsa su ne dai na jiya.

Kamfani ya rubuta iyakar nauyin mota a wani ɗan faranti da ke jikin ƙofa ko cikin gidan inji. Hilux wajen tan ɗaya take ɗauka, kuma a cikin tan ɗayan nan har da kai direba, da yaron mota, da fasinja, da jarkokin mai. Buhun masara goma masu kilo 100 sun cinye shi kaf tun ba ka hau ba. Durom ɗin gas mai lita 200 ya kusa kilo 190 idan aka haɗa da ƙarfensa. Land Cruiser 79 kuwa, ita da kayanta gaba ɗaya, wajen kilo 3,200 zuwa 3,500 aka yarje mata, gwargwadon samfuri. Ba sifirin kaɗai aka duba aka yanke wannan adadi ba. An duba kaurin shasi, da boris ɗin taya, da gidan aksul, da faɗin birki, da abin da taya za ta jure.

Abin da ya fi damuna shi ne sifirin na asali yana yi maka magana. Idan ka yi obalodi sai ya kwanta, robar tsayawa da ke jikin shasi ta fara dukan aksul, ka san ka wuce gona da iri. Da ka ƙara falle ka rufe masa baki. Mota tana tsaye ƙyam da buhu ashirin, ido ya ce lafiya lau, alhali nauyin yana nan yana cin boris da shasi.

Ni kaina na ɗanɗana. Wani makanike ya yanko mini fallaye biyu na babbar mota ya cusa a kowane gefe na Hilux ɗina, na riƙa loda mata buhu goma sha takwas ina murna. Damina ba ta ƙare ba, wata rana muna wanke ta a bakin rafi yarona ya ce, "Oga, zo ka ga wani abu." Wani siririn layi ne mai jan tsatsa, kamar an ja shi da allura, ya taso daga gindin hanga ya hau jikin shasi kusan tsawon ɗan yatsa. Na sa farce na bi shi, ya shige. Shasi ya tsage. Dukan da sifirin ya kamata ya shanye, ya ƙi lanƙwasa ya miƙa wa shasi. Kuɗin da na kashe wajen gyara, da sati ukun da motar ta yi a ajiye ana tsakiyar kaka mai zuwa, sun haura ribar buhunan da na riƙa ƙarawa.

To ashe ƙarin falle ba shi da wani amfani?

Yana da shi, idan nauyin da kake ɗauka yana cikin iyaka amma kullum yana kan motar. Misali motar da aka ɗora wa tankin ruwa, ko ƙarin tankin mai, ko akwatin kayan aiki, ko motar asibiti mai gado da tukwanen iska. Sifirin kamfani an yi shi ne tsaka-tsaki, don mota ta yi tafiya da kaya da kuma wayam. Wadda kullum take ɗauke da kilo 500 ko 600 za ta zauna da gindi a ƙasa, fitila tana haska sama, gaba ya yi sakayau, sitiyari ba ya kama ƙasa sosai. Falle ɗaya mai kyau yana dawo da ita daidai, ya bar wa aksul filin motsi kafin ya daki roba, ya rage tangaɗi a kwana. Wannan gyara ne na gaskiya kuma ina goyon bayansa.

Kuɗin da za ka biya shi ne ranar da motar take wayam. Bayanta zai riƙa tsalle a gargada, taya tana barin ƙasa tana dawowa, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta riƙe hanya. A kan jar ƙasa mai tsakuwa, nan ne gindin mota ke zamewa a kwana. Tsofaffin direbobi sukan bar buhun yashi biyu a baya saboda haka.

Wane irin falle zan sa? Ana cewa na tifa ya fi ƙarfi.

Ya fi ƙarfi, kuma matsalar ke nan. Taurin falle ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinsa, ninkuwa yake yi sau uku a jere. Idan kauri ya ninka biyu, tauri ya ninka takwas. Falle mai kaurin milimita 10 ya kusa ninka mai milimita 8 a tauri, ko da yake a ido bambancin bai taka kara ya karya ba. To ka ɗauko na tifa mai milimita 13 ko 14 ka sa a tsakanin sirara: shi ba zai lanƙwasa ba, sai na samansa su riƙa karyewa a daidai bakinsa, kamar yadda ake karya kara a gwiwa.

Nemi falle mai faɗi ɗaya da naka. Na bayan Hilux galibi milimita 60 ne, na Land Cruiser kuma milimita 70. Kaurinsa ya yi kusa da na sauran, doronsa ya bi nasu, tsawonsa ya shiga tsakanin na sama da na ƙasa kamar matakala. A goge bakinsa ya yi sulɓi don kada ya riƙa sassaƙar na sama. A sa sabon santabol mai tsawo da sabon yubol. Kada ka yarda a huda ramin tsakiya da wutar walda, abin da ake yawan yi ke nan domin ƙarfen yana cinye bakin diril. Ramin da aka ƙona daga nan tsagewa ke farawa. Kuma gefe biyu ake yi tare, ko da ɗaya ne ya kwanta.

Sifirina ya kwanta. In kai a bubbuge shi, ko in sa a gasa shi?

Bugu a sanyi, da guduma a kan maƙera ko da injin matsa, yana dawo da doro. Yana da araha, kuma idan mai aikin ya iya, ya zana doron a ƙasa da alli ya bi kowane falle da bugu daki-daki, za ka samu watanni, wani lokaci fiye da shekara. Sai dai ƙarfen da ya gaji ya gaji. Tsayi ne ya dawo, ƙuruciya ba ta dawo ba, kuma zai sake kwanciya da wuri fiye da karon farko. Sawun guduma mai zurfi kuma wurin tsagewa ne.

Wuta kuwa, a'a. A masana'anta ana gasa ƙarfen sifirin ya kai wajen digiri 850, a tsoma shi a mai, sannan a sake ɗumama shi a tanda tsakanin digiri 400 da 500 don ya samu tauri mai dawowa. Wanda ya sa masa wutar gas a bakin titi har ya yi ja ya warware wannan aiki duka. Wurin ko dai ya yi laushi ya lanƙwashe, ko ya yi gautsi ya ɓalle. Maƙeranmu sun san darajar ƙarfen nan, shi ya sa suke neman tsohon sifirin su ƙera adda da gatari da wuƙa, kuma su ma za su gaya maka cewa sirrin yana wajen shayar da ƙarfe. Hukuncin walda ɗaya ne da na wuta: falle da aka yi wa walda zai sake karyewa a gefen ɗinkin.

Ina so motata ta tashi. Wace hanya ta fi?

Hanya huɗu ake bi, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi kyau ita ce sabon saitin sifirin da aka ƙera da ƙarin doro, tare da shokozoba da ya dace da shi. Inci biyu, wato milimita 50, ya ishi kusan kowa.

Dogon shakul shi ne mafi araha. Ka sani cewa rabin abin da ka ƙara kake samu, domin gefe ɗaya na sifirin ka ɗaga, aksul kuma yana tsakiya: ƙarin inci biyu a shakul, inci ɗaya a mota. Yana karkata aksul, yana ƙara lilo gefe da gefe, yana cin bush, wato robar da ke cikin idon sifirin. Ɗan kaɗan ba laifi. Irin dogayen nan da ake yankowa daga falange a huda, marasa gada a tsakiya, ina tsoronsu.

Bulo, wato guntun ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, yana ɗaga motar da sifirinta ke bisa aksul ne kawai, kamar Hilux mai jan ƙafa huɗu. A Land Cruiser da tsohuwar Land Rover sifirin yana ƙarƙashin aksul, ka sa bulo sai ma ta ƙara yin ƙasa. Illarsa ita ce yana ba aksul dogon hannu na murɗa sifirin. A cikin yashi, ka taka totur ka ji baya yana kakkarwa yana bugawa dum-dum-dum, wannan murɗar ce: sifirin ya lanƙwashe kamar maciji, ya saki, ya sake kamawa. Tana karya falle, tana karya kuros, wato mahaɗin furofela. Kada a taɓa sa bulo a aksul ɗin gaba, kuma kada a ɗora bulo kan bulo.

Ta huɗu ita ce a juya sifirin daga ƙarƙashin aksul zuwa samansa. Mota takan tashi inci biyar zuwa shida a tashi ɗaya. Masu wasan hawan duwatsu a Amurka suna yi wa Jeep da Suzuki haka, amma su suna sake tsarin sitiyari, da furofela, da tiyon birki, su sa ƙarfen hana murɗa, kuma ba sa loda buhu da fasinja a sama. Ga motar neman abinci ban ga dalilinsa ba.

Idan ta tashi, ta daina taɓa ƙasa ke nan?

Cikinta da bamba da gindinta za su yi nisa da ƙasa, kuma wannan yana taimakawa wajen hawa gaɓar rafi ko tsallake kwazazzabo. Amma tukunyar aksul, kumburin nan na tsakiyarsa, tana nan inda take, domin a kan taya take zaune, ba a kan sifirin ba. A hanyar da manyan motoci suka haƙa sawu biyu suka bar tudu a tsakiya, tukunyar ce ke kama ƙasa. Taya mai tsawo kaɗai ke ɗaga ta, ita ma rabi: daga inci 31 zuwa 33, inci ɗaya ka samu. Babbar taya kuma tana rage jan mota, ta ƙara shan mai, ta ƙara wa birki aiki.

Gaskiya ne motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa?

Gaskiya ne, kuma lissafinsa a fili yake. Injiniyoyi suna raba faɗin da ke tsakanin tayoyi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Ɗauki mota mai faɗin mita 1.5, cibiyar nauyinta tana santimita 75 daga ƙasa: sakamako 1.0. Ka ɗaga cibiyar zuwa santimita 85, ya faɗo 0.88. Duk yadda adadin ya ragu, haka kifewa ke matsowa.

Yanzu ka tuna yadda muke lodi. Buhuna sun haura bodi, an ɗora jarkoki, mutane sun zauna a sama ƙafafu na reto, irin lodin da ake gani a hanyar Agadez zuwa Dirkou ko ranar kasuwar ƙauye. Kayan sun riga sun ɗaga cibiyar nauyi tun ba a taɓa sifirin ba. Ka ƙara inci huɗu a kan haka, sannan akuya ta gifta ka fizge sitiyari, ko ka bi gefen tudun yashi a karkace. Rayukan mutanen da ke saman nan amana ce a hannunka. Idan motarka ta lodin sama ce, bar ta a tsayinta na kamfani.

Tun da na gyara sifirin birki ya ragu. Me ya haɗa su?

Wannan tambaya ta fi sauran muhimmanci, kuma makanikai da yawa ba sa kula da ita. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser, waɗanda ba su da birki mai kwamfuta, suna da wani bawul a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya sauko ya kama aksul. Aikinsa auna lodi. Idan mota ta durƙusa, ƙarfen ya tura bawul, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan wayam take, ya rage, don kada tayar baya ta kulle.

Da ka ɗaga mota ko ka taurara sifirin, bawul ɗin yana ganin kullum wayam take, ko da tan ɗaya ne a kanta. Birkin gaba shi kaɗai ke aiki, ya yi zafi, ya saki. A gangaren dutse irin na hawan Mambila, da cikakken lodi, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Maganinsa a ɗaga wurin da ƙarfen ya kama aksul daidai yawan tashin motar, a sake saita shi. Kada a cire bawul ɗin a jefar. A duba tiyon birki ma: a ɗaga shasi da jak har taya ta rataya, a ga ko tiyon ya miƙe ya yi tsirit. In ya yi, a sa mai tsawo. Haka wayar hambirki.

Dole ne in canza shokozoba?

Idan tsayi ya canza, dole ne. Gajere zai riƙa ƙurewa duk lokacin da taya ta faɗa rami, har ya tsinke ko ya fizge mazauninsa. Wanda ya cika tsawo kuma zai daki ƙasansa kafin robar tsayawa ta yi aikinta. Sifirin mai tauri yana dawowa da ƙarfi, yana son shokozoba da zai iya riƙe shi. A doguwar gargada, man da ke ciki yana zafi ya yi kumfa ya daina aiki. Tsaya bayan awa ɗaya ka kai hannu kusa da shi: mai aiki zai yi zafi, wanda ya mutu yana nan da sanyinsa.

Bayan an ɗaga ta, tana rawa a gudu kuma sitiyari yana yawo.

Rawar daga furofela take. Kusurwarta ta canza, kuros biyu ba sa tafiya daidai da juna. Yawon sitiyari kuma, a motoci masu falle a gaba irin Land Cruiser 75, karkatar aksul ce ta rage kusurwar da ke mayar da sitiyari tsakiya. Duka biyun ana gyara su da siririn weji na ƙarfe mai digiri biyu zuwa huɗu a tsakanin sifirin da aksul. Hilux daga 2005 zuwa yau gabanta koyil ne mai hannuwa, in aka ɗaga ta fiye da inci biyu shaf ɗin gaba da robobinsa ba sa daɗewa.

Ni ba kaya nake ɗauka ba, bayana ne ke ciwo. In cire falle?

Ana yi, kuma mota takan yi laushi, tayoyi su fi bin ƙasa a kan duwatsu. Amma ragowar fallayen za su ɗauki aikin wanda aka cire, su gaji da wuri, murɗar aksul ta ƙaru. Kada a taɓa uwa, kada a taɓa na biyu wanda bakinsa ya naɗe idon uwa, domin shi ne ke riƙe aksul ranar da uwa ta karye.

Kafin ka cire komai, gwada abu biyu. Rage iskar taya idan motar wayam take, domin masu faci sukan cika ta kamar ta lodi. Sannan a kwance sifirin a kankare tsatsa, domin fallayen da suka manne da juna sun zama ƙarfe ɗaya. Idan da hali, akwai sifirin da ake kira farabolik: fallaye biyu zuwa huɗu, masu kauri a tsakiya suna sirancewa zuwa baki, ba sa gugar juna sai a tsakiya da ƙarshe. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi laushi nesa ba kusa ba, masu tsohuwar Land Rover suna yabonsa. Yana son shokozoba mai kyau, kuma in falle ɗaya ya karye a daji ba ka da tarin 'yan'uwansa da za su rufa maka asiri.

Sabon saiti na waje ko na hannu daga kasuwa?

Ostareliya ce ta yi fice a wannan sana'a, domin ƙasarsu ma doguwar gargada ce da sahara, kuma motocinsu irin namu ne. Old Man Emu na kamfanin ARB, da Dobinsons, da Ironman 4x4, duk daga can suke. Abin da ya burge ni da su, sukan sayar da sifirin gwargwadon nauyin da kullum ke kan mota: na wayam daban, na mai ɗauke da kilo ɗari uku ko huɗu daban, na mai fiye da haka daban. Wato sai ka hau sikeli ka san nauyinka kafin ka saya. Wannan ɗabi'a ya kamata mu ɗauka ko da a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za mu yi sayayya.

Na hannu na asali, wanda bai sha wuya ba, ya fi sabon jabu. Kife biyun a ƙasa ka auna doronsu ya zo ɗaya. Duba sawun walda ko shuɗin wuta a ƙarƙashin sabon fenti. Duba ramin tsatsa, da kwarin da bakin wani falle ya ci a jikin wani. Rataye falle ka ƙwanƙwasa: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga muryarsa a dakushe take.

Jakar iska da ake sawa a taimaka wa sifirin fa?

Tana da daɗi ga mai lodi yau, wayam gobe, sai ka ƙara iska ko ka rage. Amma tana tara nauyi wuri ɗaya a shasi, inda ba a gina shi don haka ba. Mota mai gida biyu da kaya suka zarce bayan aksul, ga jaka cike tam, shasinta na iya lanƙwashewa a bayan gida.

Akwai ruwan hukuma a ciki?

A Ostareliya galibin jihohi suna barin ɗagawar milimita 50, abin da ya wuce iyakarsu sai injiniya ya duba ya sa hannu, kuma ƙara wa mota iyakar nauyi sai da takarda da sabon faranti. A Najeriya obalodi laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke kamawa a kai, kuma ƙarin falle ba ya canza adadin da ke jikin farantinka. Mai inshora ya sanar da kamfaninsa kafin ya yi babban canji.

An gama aiki. Me zan riƙa dubawa, kuma in ya karye a daji fa?

A ɗaure kusoshin shakul da na ido bayan an sauke mota ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba bush zai murɗe ya yage. A sake ɗaure yubol bayan tafiyar farko da lodi, a kuma sakewa bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, domin sababbin fallaye suna zama. Kada a cika giris tsakanin fallaye a ƙasar yashi, yana kama rairayi ya zama abin wasa wuƙa. Bush na roba ya fi haƙuri da ƙura, na leda mai tauri yana son giris a kai a kai.

Karaya ma tana faɗin dalilinta. In ta bi ta ramin santabol, yubol ne ya yi sako-sako. In tana tsakanin tsakiya da ido, gajiya ce ko lodi. Dubi bakin karayar: wurin da ya yi baƙi da tsatsa tsohuwar tsaga ce, mai ƙyalli shi ne na yau.

In uwa ta karye a hanya, sauke kaya tukuna. Sa katako a ƙarƙashin jak don kada ya nutse, ɗaga shasi, ka tokare shi da safaya ko kututture kafin kowa ya shiga ƙasa. Cusa guntun icce mai tauri tsakanin aksul da shasi a daidai robar tsayawa, ka ɗaure shi da igiya ko yankakken tub. Kara wani guntun falle a kan karayar ka matse da kilam ko waya mai kauri. Idan karayar ta ɓangaren hanga ce, aksul zai so ya ja baya, don haka ɗaure shi da sarƙa zuwa shasi ta gaba, ka kauce wa bututun birki. Raba kayan ga wata mota in akwai, sa ƙaramar giya, ka riƙa tsayawa kana duba ɗaurin har ka isa gari. Saboda irin wannan rana, a bayan kujerata kullum akwai uwar sifirin ɗaya, da yubol biyu, da santabol, da sarƙa mai tsawon mita biyu.